Lattin Malam Sallau

Rigar ta fara aiki tun kafin Hansatu ta ɗaga ƙafa. Siraran wayoyin da aka saƙa cikin yadin suka ɗau ɗumi daga ƙugu har idon sawu, wani ɗan shuɗin haske ya bi ta kan gwiwarta ya wuce, sai ta ji naman cinyarta ya ɗaure da kansa kamar wani ne ya riƙe shi daga ciki. Can sama, na'urar da ake kira Agogo ta saki kiɗan kalangu. Daɓen fagen ya motsa, allunansa suna tashi suna sauka. Ƙudajen haske, waɗannan 'yan fitilu masu tashi da fuka-fuki, suka zubo daga rufi suka kewaye kanta. Ta miƙa hannun dama, ta karya wuya, ta ja ƙafar hagu a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin Hajiya Lantana tana rawa a zamaninta zai rantse ita ce ta dawo.

Ita kuwa Hajiya Lantana tana gefen fage a kan doguwar kujerarta, ƙafar hagu a miƙe, tana kallon kanta a jikin 'yar ƙaninta. Fuskar nan a ɗaure tamau. Ba ta taɓa yi wa mai rawa murmushi ba, ta ce murmushi ke kawo kasala.

Rigar jijiya ake kiran abin a Gidan Taku, kuma Injiniya Barira ce ta ƙera ta. Bayanin aikinta ba wuya. Duk motsin da ɗan Adam zai yi, sai ƙwaƙwalwa ta aika ɗan saƙon lantarki ta cikin jijiya zuwa ga nama. Rigar tana sauraren wannan saƙo, ta adana shi. In aka sa wa wani ita, sai ta mayar da saƙon cikin namansa, ƙafarsa ta bi inda ƙafar mai asalin motsin ta bi. Barira ba mahaukaciya ba ce, ta bar ƙofar fita har biyu. Mai rawa na iya dunƙule hannun hagu ya matse, nan take rigar ta sake shi. Akwai kuma wani jan maɓalli a hannun kujerar Hajiya. A shekarun ƙarshe na rawarta Lantana ta sa rigar a kowane wasa, har na'ura ta haddace ta tas, daga ɗaga gira zuwa murɗa yatsa.

A wannan zamani Kano ta riga ta hau kan kanta. Tsohon birni yana ƙasa da lungunansa, sabbin unguwanni suna bisa a kan ginshiƙai, jiragen dogo suna ratsa tsakani ba hayaƙi ba ƙara, sannan can ƙoli an shimfiɗa rumfar gilashi mai tace zafin rana. A hawa na sama Gidan Taku yake. Ba gidan rawa kawai ba ne, ko da yake masu rawar haka suke so a ɗauka. Akwai makaɗa, akwai injiniyoyi, akwai masu zane da haske, da maɗinka, da mawaƙiya guda mai yawan ƙorafi. Kowa ya tara iliminsa a wasa ɗaya, kowa kuma a ransa yana ganin sauran 'yan rakiya ne. Abin da ya haɗa su shi ne Agogo. Shi ke riƙe da bugun kiɗa, kuma da bugun nan daɓe ke motsi, ƙudaje ke tashi, riga ke aika saƙonta. In Agogo ya yi tari, gidan duka ya kamu da mura.

Kafin Agogo akwai Malam Sallau. Shi da Lantana suka kafa gidan tun ba su da komai sai kalangu ɗaya da tabarmar aro. Dogo ne siriri, mai cin goro, ba ya son magana. Ya yi mata kiɗa tun tana budurwa har furfura ta fito mata, kuma duk tsawon shekarun nan faɗa ɗaya suke yi. Akwai wani wuri a babbar rawarta da jama'a suka sa wa suna Saukar Lantana: ta yi tsalle sama, ta dira a kan ƙafar hagu a miƙe sambal ba tare da ta lanƙwasa gwiwa ba, sannan ta murɗa jiki gaba ɗaya ta juya. A daidai nan Sallau yake makara. Ba wata makara mai yawa ba, ɗan numfashi ne, amma kunnen Lantana ba ya barin ko ƙwayar gero ta wuce.

"Sallau, yau ma ka yi latti a Sauka," haka take cewa bayan kowane wasa, tana goge zufa.

"To, Lantana. Gobe zan gyara."

Bai taɓa gyarawa ba. Da Barira ta zo da Agogo, ta ɗebi kiɗan Sallau ta zuba a ciki, sai ta ga wannan ɗan jinkiri a kan allo. Ta tambayi Hajiya ko a bar shi. Hajiya ta ce a miƙe shi, ai ta gaji da bin tsoho yana barci a kan kalangu. Aka miƙe. A lokacin Hajiya ta riga ta daina rawa, don haka ba ta taɓa taka miƙaƙƙen kiɗan da ƙafarta ba. Aka ce wa Sallau yana iya zama ya riƙa kallo. Ya zauna kwana kaɗan, ya rataye kalangunsa a ƙusa, ya koma garinsu. Damina biyu bayan nan ya rasu. Lantana ta je gaisuwa, ba ta ko zauna sosai ba, don a ranar ana gwajin sababbin ƙudaje.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Saukar nan ba fasaha ce ta haife ta ba. Tun tana yarinya Lantana ta faɗo daga kan wani dandamalin katako a wajen wasa, gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya kamata daga ranar. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta nemo hanyar dira da ƙafa a miƙe, jama'a suka yi ihu, ta gane ta samu suna. Daga nan ta kafa dokar da kowa a Gidan Taku ya sani kafin ya san inda bayi yake: a fage ba a cewa wayyo. In aka tambaye ka ciwo, amsa ɗaya ce, ba komai.

Hansatu ta iso wurin Sauka. Ta tashi sama, ta dira, ta murɗa. Tsaf, kamar an zana. Kiɗa ya tsaya, ƙudaje suka koma rufi, ta tsaya tana haki tana jiran hukunci.

"Kin yi saurin ɗaga haɓa," in ji Lantana.

"Rigar ce ta ɗaga, Gwaggo."

"To ki bar yi mata gardama da wuyanki. Gobe da la'asar duk garin nan zai zuba miki ido. Je ki sha ruwa."

Yarinyar ta juya ta tafi. Lantana ta bi ta da kallo, ta ji wani abu mai daɗi ya cika mata ƙirji, irin wanda ba ta faɗa. Ita ta ɗauko Hansatu daga gidan ƙaninta tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ba ta haihu ba, ba ta kuma damu ba, don a ganinta ta samu abin da ya fi haihuwa. Ɗa yakan ɗauko hancin uwa ya bar sauran. Wannan kuwa ta ɗauke ta duka.

Barira ta sauko daga ɗakin na'urori, gilashinta a goshi, idanunta sun yi ja. Mace ce gajera mai saurin magana, amma yau a hankali ta zo.

"Hajiya, don Allah ki hau sama ki ga wani abu."

"In ƙudajen nan ne suka sake karo, ki ji da su."

"Ba ƙudaje ba ne. Gwiwar Hansatu ce."

Lantana ta hau. Ba ta son matakalar nan, amma ta hau ta ba tare da ta dafa bango ba, kamar kullum. A kan babban allon gilashi Barira ta buɗe hoton ƙafa, ƙashi fari, jijiyoyi kamar zaren saƙa. A gwiwar hagu akwai wani jan tabo.

"Rigar tana auna zafin jiki," in ji Barira. "Wannan wurin kullum ƙara ja yake yi tun da muka fara gwajin Sauka. Igiyar da ke riƙe gwiwa ta fara tsinkewa zare-zare. Na rasa dalili, tunda ke kin yi rawar nan shekara da shekaru ba ki karye ba. Sai na koma tsofaffin faifai."

Ta shafa allon. Layuka biyu suka fito, ɗaya a miƙe, ɗaya da ɗan lotsawa a tsakiya.

"Na sama kiɗan Agogo ne. Na ƙasa na Malam Sallau. Kin ga lattin nan da muka miƙe? A cikinsa nauyinki yake gama sauka ya bar gwiwa ya koma ƙugu, sannan ki murɗa. Da muka cire shi, sai rigar ta matse motsin biyu wuri ɗaya. Yanzu Hansatu tana murɗawa alhali duk nauyinta yana kan gwiwar da ke a kulle. Kamar a taka wuyan kaza ne a juya."

"Sallau dai latti yake yi," in ji Lantana. "Tun yana saurayi haka hannunsa yake."

"Ni ma haka na zata, Hajiya. Amma duba nan." Barira ta jero wasu layukan. "Ga shi yana kaɗa wa wata mai rawa, marigayiya Delu, wannan kiɗan, ba latti. Ga shi yana kaɗa wa 'yan koyo, ba latti. Ke kaɗai yake yi wa. Kuma dubi yadda abin yake tafiya. Kina da ƙuruciya, ɗan kaɗan ne. Kina girma yana ƙara tsawo. Ranakun da aka yi ruwa gari ya yi sanyi, ya fi tsawo. Hajiya, ba makara yake yi ba. Jiran ki yake yi."

Lantana ta tsaya tana kallon layukan, kowanne da ɗan ramin da aka haƙa mata don ta taka. Wani abu ya taso mata, kuma da ma a ce kunya ce ko baƙin ciki. Fushi ne. Ta tuna duk ranar da jama'a suka miƙe suna tafi, ita tana tsaye tana jin ta fi ƙarfin ciwonta, ashe wani tsoho mai jan baki yana zaune a gefe yana tallafe da ita kamar jinjira, yana kuma ce mata gobe zai gyara.

"Wato kina nufin ba ni na yi rawata ba."

"Ban ce haka ba. Na ce ku biyu kuka yi ta."

"Mayar da lattin, in shi ne zai sa ki bar ni in huta."

"Ba zai yiwu kafin gobe ba. In na taɓa bugu ɗaya a Agogo, sai na sake koya wa ƙudaje hanyarsu ɗaya bayan ɗaya, in sake saita kowane allo na daɓe. In ba haka ba allo zai tashi a ƙarƙashin ƙafarta lokacin da ba ta zata ba. Aikin makonni ne. Abu biyu ya rage: a ɗage wasan, ko a cire Sauka. Ta yi tsallen, ta dira da ƙafa biyu, rigar ta sake ta na ɗan lokaci, ta kama gaba."

Lantana ta yi wata dariya marar daɗi. "A yi rawar Lantana ba Saukar Lantana. Me mutane za su zo gani, fitilunki?"

"Hajiya, ƙafar yarinyar nan ce."

"Ta yi Saukar nan a gwaji sau nawa ba ta karye ba? Sau ɗaya ya rage. Ni da gurguwar gwiwa na yi ta, ita da lafiyayya."

Sai da maganar ta fita sannan ta ji abin da ta faɗa. Ba ta taɓa furta shi ga wani mahaluƙi ba. Barira ta sunkuyar da kai, ba ta nuna mamaki ba, wanda hakan ya ƙara ɓata wa Lantana rai.

"Kira mini ita," in ji Lantana. "Ai tana da baki."

Hansatu ta hau da kofin ruwa a hannu. Ta ga allon, ta ga jan tabon, ta kau da kai da sauri.

"Injiniya ta ce gwiwarki na ciwo. Haka ne?"

Yarinyar ta dubi Barira, ta dubi gwaggonta. Lantana ta san irin wannan kallon. Ta san yadda ake tsayawa a karkata nauyi kan ƙafar dama a yi kamar salo ne. Ta ga komai, don babu wanda ya fi ta sanin abin a duniya.

"Ba komai, Gwaggo."

"Hansatu, ki faɗi gaskiya," in ji Barira. "Ba wanda zai ga laifinki."

"Wallahi ba komai, Anti."

"Kin ji," in ji Lantana. Ta nufi ƙofa, sannan ta waiwayo. "A yi na gobe a gama. Jibi sai ki gyara."

Washegari tun azahar jiragen dogo suka fara sauke jama'a. Zauren ya cika har bakin ƙofa, aka buɗe rufin gilashi rana ta shigo a tace. Akwai tsofaffin da suka ga Lantana da idonsu suka zo su ƙaryata, akwai matasan da labari kawai suka ji. A sauran birane ma an kafa alluna ana kallo kai tsaye. Lantana ta zauna a kujerarta a bayan labule, inda take ganin fage duka ba a ganinta, da ɗan abin magana a kunne wanda ya haɗa ta da Barira a sama.

Mawaƙiya ta buɗe da muryarta, masu rawa goma sha biyu suka shigo suka fita, daɓe ya zama tudu ya zama kwari. Sannan Agogo ya saki kalangun Sallau, miƙaƙƙe, mai tsabta, ba tari ba tuntuɓe, Hansatu ta fito ita kaɗai.

Gaskiya dai a faɗe ta, ta yi kyau. Wani tsoho a layin gaba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Lantana ta ji tsigar jikinta ta tashi, naman cinyarta yana motsi a kan kujera yana bin kowane taku. Kiɗa ya hau, ya ƙara hawa. Hansatu ta tashi sama, ƙudaje suka buɗe mata hanya, ta dira a kan ƙafar hagu.

Jama'a ba su ji ƙarar ba, kiɗa ya rufe ta. Lantana ta ji. Ƙaramar ƙara ce, irin ta ɗanyen kara in an karya shi.

"Ta tsinke!" Muryar Barira ta fashe mata a kunne. "Hajiya, igiyar ta tsinke, danna maɓallin!"

Hansatu ba ta faɗi ba. Rigar ba ta san igiya ba, nama ta sani. Ta ɗaure cinya da ƙwauri tamau ta riƙe ƙafar a tsaye, ta murɗa jikin kamar yadda aka koya mata, ta jefa shi cikin taku na gaba. Fuskar yarinyar ta canza. Bakinta ya buɗe ba sauti, idanunta suka fito, zufa ta wanke ta. Zauren kuwa ya ɗauka wasan ne, aka miƙe tsaye ana ihu.

Lantana ta kalli hannun hagun Hansatu. A buɗe yake, yatsu a baje suna karkarwa. Matsewa ɗaya ta isa. Yarinyar ba ta matse ba, ta juyo da ido wajen labule, wajen kujerar, tana jira.

"Hajiya! Duk takun da ta ƙara ƙashi ne ke cin ƙashi! Don girman Allah!"

Babban yatsan Lantana yana kan jan maɓallin. Tana jin santsinsa. Saura kaɗan rawar ta ƙare, kaɗan ƙwarai, kuma abin da ke faruwa a fagen nan ba ta taɓa ganin irinsa ba, ko a jikinta. Duk abin da ta ɓoye tsawon rayuwarta a bayan ɗaurarriyar fuska, ga shi a fili a fuskar wata, jama'a suna kuka saboda shi. Ta ce a ranta, bari ta kai wancan allon. Da ta kai, ta ce bari ta gama wannan juyin.

Barira ta baro ɗakinta a guje, ana jin takunta a matakala. Kafin ta iso, Agogo ya buga bugun ƙarshe. Rigar ta saki. Hansatu ta zube kamar an zare wa buhu ɗinki, labule ya sauko, tafi ya ci gaba har aka fitar da ita ta ƙofar baya.

Likitan da ya duba ta dattijo ne, bai san wace ce Lantana ba, bai kuma nemi sani ba. Ya ce da a ce an tsaya a lokacin da igiyar ta tsinke, da aikin yini ɗaya ne, yanzu ana shuka sabuwa a dasa, ta koma fage kafin shekara. Amma an ci gaba da taka ƙafar. Kan ƙashin ya niƙe, kuma babbar jijiyar da ke bayan gwiwa ta ƙone saboda lantarkin da aka yi ta tura mata tana a matse. Ƙashi ana sauya shi. Jijiyar nan kuwa, duk da ci gaban da aka samu, ba ta dawowa daidai.

"Za ta yi tafiya," in ji shi. "Gwiwar dai ba za ta lanƙwasu sosai ba. Wa ya bar ta ta ci gaba?"

Mahaifin Hansatu yana tsaye a jikin bango, bai dubi yayarsa ba, kuma daga ranar bai sake taka gidanta ba.

Barira ta cika alkawarin da ba ita ta ɗauka ba. Ta zauna makonni ta mayar da lattin cikin Agogo, ta sake koya wa kowane ƙuda hanyarsa, sannan ta ajiye makullan ɗakinta ta bar aikin. Aka sa wata yarinya a rigar, aka sake wasan da kiɗan Sallau na asali. Ba wanda ya ji ciwo. Masu sharhi suka ce an yi ƙoƙari, amma babu wutar ranar farko. Sai saƙonni suka fara zuwa daga gidajen wasa na kusa da na nesa. Sun ji cewa rigar ba ta daina saurare ba ko tana aiki, wato ta adana duk abin da naman Hansatu ya yi a waɗancan takun na ƙarshe, da karkarwar yatsu, da buɗewar baki. Shi suke so a aiko musu, su sa wa nasu masu rawar.

Wata safiya bayan damina ta ɗauke, Lantana tana zaune ita kaɗai a zauren gwaji. Ta sa an kunna mata wani tsohon faifan Sallau, na shekarun ƙarshe, wanda lattin ya fi tsawo a ciki. Kwanan nan kullum shi take ji. Kalangunsa yana nan a ƙusar da ya rataye shi, fatar ta bushe ta tsage. Duk sa'ad da kiɗan ya zo wurin Sauka ya ɗan tsaya, sai ta ji kamar an dafa mata kafaɗa, kuma ba ta da wanda za ta ce wa ta gane.

Aka turo ƙofa. Hansatu ce, da jaka a kafaɗa, ta zo kwashe kayanta. Ta rame. Ba ta riƙe sanda ba, Lantana ta san ba za ta riƙe ba.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau. Ya ƙafar?"

Tambayar ta fita kafin ta kama ta. Hansatu ta dube ta, har ta ɗan yi murmushi.

"Ba komai."

Ta wuce ɗakin sa kaya, ta jima, ta fito da takalmanta na gwaji da wani tsohon ɗankwali. Ta tsaya tana sauraren faifan.

"Anti Barira ta gaya mini labarin lattin nan," in ji ta. "Ashe mutumin kirki ne."

"Hansatu, me ya sa ba ki matse hannun ba?"

"Ke kika ce a fage ba a cewa wayyo. Na zata aikin wanda ke gefen fage ne ya gani." Ta gyara jakarta. "Ke an gani miki ai."

Lantana ta gyara zaman ƙafarta ta hagu.

"Na ji ana neman abin da rigar ta adana ranar nan," in ji Hansatu. "Kin goge shi?"

Kalangu ya ci gaba da bugawa. Lantana ta kalli daɓe. Sau da yawa ta hau matakalar nan da niyyar gogewa, ta buɗe shi don ta yi masa kallon ƙarshe, ta sauko ba ta goge ba.

"Na sani," in ji Hansatu. "Ni ma na kalla. Ya yi kyau."

Ta juya ta nufi ƙofa. Zauren yana da tsawo, ba kowa a ciki, don haka Lantana ta ga tafiyar duka: dama ta taka, hagu ta biyo a miƙe, nauyi ya jira ya sauka a ƙugu, sannan jiki ya wuce. Tafiyar Lantana ce sak, wadda ta yi shekaru tana ɓoyewa, ba riga ba waya. Faifan ya iso wurin Sauka daidai lokacin da ƙafar hagun ta dira, Sallau ya tsaya ya jira ta, sannan ya buga.